Muryar da Ke Cikin Lamba Sha Bakwai

Ranar da suka fara haɗuwa, saura kaɗan su yi faɗa.

Ta makara, shirinta saura minti goma ya fara, ta taho tana haɗawa da gudu. A bakin get ɗin gidan rediyon ta tarar da wani dogon saurayi durƙushe, ya manna 'yar rikoda a jikin ƙarfe, yana tura ƙyauren a hankali yana sauraron kukansa. Ta ce ya ba ta hanya. Ko ɗagowa bai yi ba, yatsa kawai ya ɗora a kan leɓe.

Ita da duk tashar aka san ta da baki, yau ga wani yana sa ta yin shiru a ƙofar wurin aikinta.

"Malam, ƙofar ce ba ta da lafiya ko kai?"

Ya zare hedifon daga kunnensa, ya dube ta, ya yi murmushi. "Kin ɓata mini ɗauka ta huɗu. Amma tunda muryarki ta fi ta ƙofar daɗi, na yafe."

Ta zabga masa harara ta wuce. Da ta gama shiri ta fito, sai ga shi kwance a ƙarƙashin tebur ɗin situdiyo yana kwance waya. Ashe shi ne Injiniyan da aka kira ya gyara sifikar da ta shekara tana tari. A ranar ya gyara ta, a ranar kuma ya karɓi lambar wayarta, wai ko da sifikar za ta sake tashi.

Shirinta na ranar Asabar ne da yamma. Kiɗan rawa take sakawa, irin wanda samari da 'yan mata ke haɗawa da kwamfuta a ɗakunansu, waɗanda babu wanda ya san sunansu tukuna. Tana da doka ɗaya da ba ta taɓa karyawa ba: duk kiɗan da aka aiko, sakatariyar tasha ce ke cire sunan mai shi ta sa masa lamba. Ita dai lamba take gani, ta rufe ido ta saurara, ta zaɓa. Sai bayan kiɗa ya fita ake buɗe suna. Furodusoshi uku da ta tono a haka yanzu kamfanoni ke rububinsu, shi ya sa abokan aiki suka laƙaba mata Kunnen Zinariya, har aka gajarta ya koma Zinariya.

Shi kuwa Injiniya, gyaran sifika ne abincinsa, tara sauti ne ciwonsa. Kukan ƙofa, ɗigar famfo, ƙarar cokali a kofi, duk yana da su a kwamfuta, ya jera kamar yadda wasu ke jera takalma. Da su yake haɗa kiɗa, amma bai taɓa bari kowa ya ji ba. Ta sa masa suna Ɓarawon Sauti, ya amsa da murna.

Wata biyu ba su cika ba, wayarta ta daina hutawa.

"Zinariyata, yau na ɗauki ƙarar ruwan sama a kan kwano. Na saurara sau goma, har yanzu dariyarki ce a gaba."

"Ɓarawona, ka rage zaƙin baki ka je ka ci abinci. Na san tun safe shayi ne a cikinka."

"Wa ya faɗa miki?"

"Kunnena. Har yunwa nake ji a murya."

Babanta tela ne, mutum mai ƙarancin magana. Tana shekara uku mahaifiyarta ta rasu, bai sake aure ba, ƙanwarsa ce ta dawo gidan ta rene ta. Da Gwaggo ta kai masa maganar Injiniya, sai ya ce mai gyara dai ya sani, amma mai kiɗa bai san inda zai ajiye shi ba. Bai ce a'a ba, bai kuma ce e ba. Cewa ya yi yaron ya riƙa zuwa shago yana ganinsa, in wata uku sun cika zai faɗi abin da ya gani.

Duk Laraba Injiniya na kan bencin shagon. Yana zura wa Baba zare a allura saboda idon ya fara gajiya, ya gyara masa tsohuwar rediyonsa, ya kuma iya yin shiru, wanda a wurin Baba ya fi kowace gaisuwa daraja. Wata rana ya roƙi izinin ɗaukar ƙarar keken ɗinkin. Baba ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in dai ƙarar keke ce ya ɗauka har ta ishe shi. Da Gwaggo ta ba Zinariya labarin dariyar, ranta ya yi fari ƙal, don ta manta rabon da ta ji an ce Baba ya yi dariya a gaban baƙo.

Saura mako uku wa'adin ya cika, sakatariya ta miƙo mata kiɗan makon, guda ashirin da biyu.

Goma sha shida na farko ba su ce mata komai ba. Lamba sha bakwai ta fara da wani bugu mai sauri, tak-tak-tak, kamar ƙarfe na bin ƙarfe. Ganga mai nauyi ta shigo daga ƙasa. Can sai komai ya ɗauke, wata muryar mace ta taso, siririya, babu kalma ko ɗaya, guna-guni kawai take yi ta hanci, tana hawa tana sauka.

Zinariya ba ta san muryar ba, ba ta san karin ba, amma ji ta yi kamar an buɗe wani ɗaki da ta taɓa kwana a ciki. Sai da hawaye ya ɗiga a kan takardar lambobin ta gane kuka take yi.

Ranar Asabar ta saka shi. Kafin ya ƙare, layukan wayar tashar sun cushe. Da sakatariya ta buɗe suna, wani laƙabi ne da babu wanda ya taɓa ji. Tana fitowa daga situdiyo saƙo ya shigo.

"Zinariyata, ni ne sha bakwai. Ban faɗa miki ba don ina so kunnenki ya zaɓe ni, ba zuciyarki ba. Kada ki yi fushi."

Ta yi fushin na minti biyar, ta yi murnar ta kwana biyu. A rana ta uku wani kamfanin kiɗa na ƙasar waje ya rubuto wa Injiniya, suna so su fitar da kiɗan ranar Juma'a ta sama, su kuma ɗauke shi ya yi musu wasu biyar. Abin da ya shekara bakwai yana mafarki ke nan.

Sai dai a tashar akwai mai shirin safe, wanda ake kira Zakara saboda shi ke tada gari, kuma saboda yadda yake tafiya yana buɗe kafaɗa. Bara ya nemi Zinariya da soyayya, ta ba shi haƙuri, haƙurin da bai karɓa ba har yau. Da ya binciko ko wane ne sha bakwai, sai ya ɗauki kiɗan ya riƙa sakawa sau uku kowace safiya, yana rakawa da habaici, wai wasu kunnuwan sun san hanyar gidan masoyi ko da an rufe musu ido. So yake ya zubar mata da mutunci, amma kiɗan ya ƙara wa gudu. Cikin mako guda ya shiga motocin haya, shagunan aski da wayoyin 'yan makaranta.

Ranar Litinin da tsakar rana Gwaggo ta kira. Ba ta amsa gaisuwa ba, cewa kawai ta yi ta zo gida yanzu, babanta ya rufe shago.

Zinariya ta kama hanya nan take. Tun da ta yi wayo ba ta taɓa ganin shagon nan a rufe da rana ba, ko da zazzaɓi Baba ke fita.

A falo ta same shi, zaune a bakin kujera, tef ɗin awo na rataye a wuyansa har yanzu. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya dube ta da jajayen idanu.

"Ina ya samo muryar uwarki?"

Ta kalli Gwaggo, ta kalle shi. Ba ta gane ba.

Gwaggo ce ta yi bayani. Akwai shagon sayar da waya da ke kallon na Baba, yau sun fito da sifika bakin titi sun ƙure ƙara. Baba na cikin yanka yadi ya ji karin da marigayiya ke yi in tana goye da ita, karin da ita ta ƙirƙiri abinta, babu shi a kaset, babu shi a bakin kowa. Kuma da murya irin tata sak. Ya fito da almakashi a hannu, ya tarar da samari na tsalle a kai suna ihu. Da ya tambayi ko na wane ne, suka ce ai na saurayin 'yarsa ne, ita ma ta fara sakawa a rediyo.

"Shekara ashirin da biyu ban ji ta ba," in ji Baba, "sai yau a bakin kwata, ana taka rawa. Ki faɗa masa kada ya sake tako mini shago. Maganar aure kuma na rufe ta."

Bai ɗaga murya ba, kuma hakan ne ya fi tsorata ta.

Ba ta san yadda ta isa shagon Injiniya ba. Ta same shi cikin tarin sifikoki, yana ganinta ya miƙe da fara'a, fara'ar ta mutu a hanya. Ta tambaye shi wace mace ce ta yi masa muryar. Ya ce babu wata mace. Ta ce kada ya raina mata hankali, ita da kunnenta take cin abinci.

Ya jawo kwamfuta ya buɗe aikin. Ya kashe ganga, ya kashe bugun keke, ya bar muryar ita kaɗai tana yawo a ɗakin. Sannan ya ɗora yatsa a kan wani maɓalli ya riƙa jan sa ƙasa a hankali. Muryar ta fara kauri, ta rage sauri, ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, har macen ta ɓace. Wanda ya rage wani dattijo ne yana guna-guni ta hanci, da 'yar shaƙewar da ta sani tun tana yarinya.

Babanta ne.

Ta zauna a kan wata sifika. Injiniya ya ce in aiki ya yi wa Baba daɗi yakan yi wannan karin can ƙasa-ƙasa, ƙarar keke na danne shi, ko wanda ke kan benci ba ya ji. Rikoda ce ta kamo. Shi da ya ji a gida ya rasa sukuni, ya ɗaga muryar sama don ta zauna daidai da kiɗan, kamar yadda kowane furodusa ke yi. Niyyarsa ranar da wa'adi ya cika ya kunna wa Baba, ya nuna masa cewa kiɗa ma na iya girmama mutum.

"Ai ya ba ni izini, Zinariya."

"Na keke ya ba ka. Keke ka roƙa." Ta share ido da bayan hannu. "Karin mahaifiyata ne. Ka mayar da muryarsa tata, ni kuma na ɗauka da hannuna na watsa wa gari. Da wasa nake ce maka ɓarawo, ashe da gaske ne."

Ta ga yadda maganar ta shige shi, ba ta janye ta ba. Ta fita.

Washegari ta shiga ofishin manaja ta roƙi a cire kiɗan daga tasha. Manaja ya ce kiɗan da ya fi kowane jawo masu sauraro a shekarar nan ba ya ciruwa don ran wani ya ɓaci, sai dai in mai shi ne ya janye a rubuce. A baranda Zakara ya tare ta, yana murmushin da ta tsana, ya ce shi mai sauƙin kai ne, zai iya daina sakawa in ta yarda su zauna su fahimci juna. Ta ce masa ta gwammace ta fahimci bango.

Komai ya koma hannun Injiniya, ga Juma'a na matsowa. Ta san abin da kiɗan nan yake a wurinsa. Ta san kamfani irin wannan ba ya ƙwanƙwasa ƙofa sau biyu. Ba za ta roƙe shi ba, don in ya janye saboda ta roƙa, wata rana zai dube ta ya tuna. In kuma ya bari ya fita, ta san ko Baba ya sauko ita ba za ta iya zama da shi ba. Tana son sa, wannan ne abin da ya hana ta cin abinci.

Talata shiru. Laraba shiru, benci ya wuni babu kowa. A gida Baba ba ya ko kunna rediyon da aka gyara masa. Ta duba wayarta har ta gaji, ta kife ta, ta sake ɗagawa.

Ranar Alhamis da hantsi saƙon ya zo.

"Zinariyata, in har yanzu ina da izinin kiranki haka. Na rubuta wa kamfani na janye, sun ce in na janye wannan sauran biyar ɗin ma babu. Na ce na ji. Na kai wa manajanku takarda. Ba don Baba ya ba ni ke na yi ba, abin ne ba nawa ba. Ƙarfe huɗu zan je shago. In ya kore ni, ya yi daidai."

Ta karanta sau uku. Ta rubuta amsa mai tsawo ta goge, ta tura masa kalma biyu: "Zan zo."

Ita da Gwaggo suka riga shi isa. Baba na kan keke, bai tambayi abin da ya kawo su ba. Ƙarfe huɗu daidai Injiniya ya yi sallama, kwamfuta a hammata, ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya. Baba bai daina ɗinki ba. Injiniya ya durƙusa a ƙasa cikin ƙyallaye, ya jira. Sai da Baba ya kai ƙarshen hannun riga, ya yanke zare, sannan ya juyo.

Injiniya bai kare kansa ba. Ya faɗi yadda aka yi tun daga farko, har da cewa muryar ta Baba ce da kansa.

Baba ya ɗaure fuska. "Ni ba na waƙa."

"Kana yi, Yaya," in ji Gwaggo a hankali. "Wuyanka na motsi in kana ɗinki. Na daɗe ina gani, ban taɓa sanin me kake cewa ba."

Injiniya ya buɗe kwamfutar ya juya ta wajen Baba, ya nuna masa fayil ɗin kiɗan, da na muryar, da ainihin abin da rikoda ta ɗauka. Ya goge su ɗaya bayan ɗaya, ya shiga inda gogaggun abubuwa ke taruwa ya share nan ma. Ya ce wanda ya riga ya shiga wayoyin mutane ba shi da ikon dawo da shi, ba zai yi ƙaryar yana da shi ba, sai dai a hankali za a gaji a koma wani. Ya nemi gafara, ya rufe kwamfutar, ya yunƙura zai tashi.

"Zauna," in ji Baba.

Ya murza tef ɗin awo a yatsa. Da ya yi magana, ba Injiniya yake kallo ba, bango yake kallo.

"Ba tare da gangunan nan ba. Ita kaɗai. Za a iya ji?"

"Na goge, Baba. Ban bar ko ɗaya ba."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya. Sai dai in za ka sake yi, ka kuma ba ni izinin muryar da bakinka."

Zinariya ta dubi Baba. Ta san babanta, ta san abu ne mai sauƙi ya ce su fice masa daga shago. Ya buɗe baki ya gwada, babu abin da ya fito sai iska. Ya sake gwadawa, ya girgiza kai, ya ce shi bai san ta inda ake farawa ba.

Gwaggo ta ɗauko wani yadi ta tura masa ƙarƙashin allura. "Yi aikinka kawai, ka manta da mu."

Ya ce ya ba da izini, ya ɗora ƙafa a kan feda. Minti biyar keke na gudu, babu komai. Minti goma. Injiniya na durƙushe da rikoda, hedifon a kunne, ido a rufe. Can Zinariya ta ga ya ɗaga yatsa ɗaya, ta dubi wuyan babanta, ta ga yana motsi.

Aikin bai ɗauki Injiniya rabin awa ba. Ya rage ƙarar keken, ya ɗaga muryar, bai ƙara mata komai ba. Ya miƙa hedifon da hannu biyu. Baba ya saka, ya juya musu baya. Kafaɗunsa kawai suke gani, kuma sun isa.

Da ya ƙare ya cire, ya goge fuska da hular kansa, ya yafito 'yarsa. Da hannunsa ya saka mata a kunne.

"Ga uwarki," ya ce. "Haka take yi miki in kin ƙi barci. Ke kuwa kullum sai kin ƙi."

Ta saurara tana kuka tana dariya, Gwaggo na riƙe da kafaɗarta. Baba ya sa aka tura mata a waya, aka goge na kwamfutar a gabansa, ya ce wannan na gida ne. Sannan ya dubi Injiniya, wanda har lokacin bai tashi daga ƙasa ba.

"Ka yi mini ɓarna, ka kuma biya da abin da ya fi maka tsada, na gani. Wa'adina bai cika ba, amma na ga abin da zan gani. Ka turo manyanka."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Kamfanin bai sake waiwayo ba, Injiniya ya koma kan sifikokinsa, yana haɗa sabon kiɗa a hankali, ya kuma yi rantsuwar in ya gama ta hannun sakatariya zai aiko, da lamba kamar kowa. Zinariya ta ce ya shirya, don in bai yi daɗi ba ba za ta saka ba, ko da shi ke cefane. Zakara bai zo bikin ba, wai mura yake yi.

Baba ne ya ɗinka kayan ango da hannunsa, ya ƙi bari kowa ya taɓa. Da za a tafi da amarya ya kama hannunta ya saka a na mijinta, ya riƙe su duka biyun ya daɗe bai saki ba.

"Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku masu yi muku biyayya. Ka riƙe mini ita da amana, ita kaɗai gare ni."

"Na riƙe, Baba."

Gwaggo ta ce amin da ƙarfi, ta tura su mota tana faɗan za su sa ta ɓata kwalliyarta.